John Locke da malaman coci: kare addini ya yi, ko zaftare shi?

Bitrus:
Salama gare ku iyayena da yayyena. A makarantar tauhidi an ba mu aikin rubutu kan Ikilisiyar Ingila a ƙarshen ƙarni na 17, ni kuma rigimar John Locke, masanin falsafa ɗan Ingila, ce rabona. A 1695 ya fitar da littafi bai sa sunansa ba, The Reasonableness of Christianity, yana son nuna cewa Kiristanci yadda ya zo a Nassi abu ne da hankali ke karɓa. Ya ce ya ture littattafan malaman tauhidi gefe, ya bi Linjila huɗu da Ayyukan Manzanni daki-daki, don ya ga abin da Yesu da manzanni suka nema a wurin mutum kafin su karɓe shi a matsayin mai bi. Abin da ya fito da shi gajere ne: bayan yarda da Allah ɗaya, mutum ya gaskata Yesu ne Almasihu, ya tuba, ya dage wajen bin umarninsa. Ya jingina sosai da Yohanna 20:31. Shekarar ba ta fita ba sai da wani malamin coci mai bin koyarwar Calvin, John Edwards, ya far masa, ya saka littafin cikin abubuwan da ke kai mutane ga musun samuwar Allah. Littafin tarihin da muke karantawa yana kiran Locke mai kare addini. Malaminmu kuwa ya ce ɓarnarsa ta fi ta maƙiyan fili. Wanne zan kama?

Baba Fasto Ayuba:
Ɗana Bitrus, riƙe maganar malaminka. Buɗe littafin tun daga farko ka gani. Locke ya fara da Adamu, ya ce abin da muka gada daga faɗuwarsa mutuwa ce, wato rasa rai madawwami, ba laifinsa ba, ba kuma ɓatacciyar zuciya ba. To idan ba mu gaji zunubi ba, gicciyen na mene ne? Nemi Triniti a littafin, wato koyarwar Allah ɗaya cikin uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba za ka samu ba. Nemi fansa, cewa jinin Yesu ya biya abin da shari'ar Allah ke bin mu, sai ka ga ya zagaye ta. "Ɗan Allah" ma cewa ya yi a bakin Yahudawan lokacin ma'anarsa ɗaya da "Almasihu". Wasiƙun Bulus kuma ya ce ba a can ake neman ginshiƙan bangaskiya ba. Wanda aka ɗauko ya tsare gida, ya fara da fitar da kayan ɗaki yana cewa sun yi yawa, ni ba na kiransa maigadi.

Malam Nasiru:
Baba Fasto, Allah ya ja kwana. Ni ba ɗan gidan ba ne, tarihin falsafa nake koyarwa, amma a bar ni in ɗan yi wa mutumin adalci. Sai an duba ƙasar da ya tashi a ciki. An haife shi a 1632. Yana dab da cika shekara 10 yaƙin basasar Ingila ya ɓarke, mahaifinsa ya yi yaƙi a ɓangaren majalisa. Yana ɗan shekara 16 a makarantar Westminster aka fille wa Sarki Charles na Ɗaya kai a 1649, nan kusa da makarantar. A 1662 aka kori limaman coci kusan 2,000 daga muƙamansu saboda sun ƙi amincewa da littafin addu'a na hukuma. Shi kansa ya gudu Holan a 1683, bai dawo ba sai 1689, kuma yana can ya ga 'yan gudun hijirar Furotesta na Faransa suna kwararowa bayan 1685. Kowace ɗarika tana da jerin abubuwan da ta ce wanda bai gaskata su ba ya halaka, kuma jerin wannan ba ya kama da na waccan.

Tambayar da Locke ya yi ita ce: wa ya ba ku ikon tsawaita jerin? Ya raba abu biyu. Akwai abin da mutum zai gaskata ya shiga addinin. Akwai kuma abin da ya wajaba ya karɓa bayan ya shiga, wato duk abin da ya gane cewa daga Allah yake. Bai ce wasiƙun Bulus ba hurarru ba ne. Cewa ya yi an rubuta su ne ga mutanen da sun riga sun zama Kirista, don haka abin da ya mai da su Kirista ya riga wasiƙun zuwa. Ƙarshen rayuwarsa ma a kan sharhin wasiƙun Bulus ya ƙare shi, ya rasu a 1704, daga baya aka buga sharhin.

Da ya mai da wa Edwards martani, a 1695 da kuma 1697, abu ɗaya ya yi ta nanatawa: ba ni cikakken jerinka, ka ce ga iyakarsa, babu ƙari babu ragi, ka nuna mini inda Nassi ya ce haka. Edwards ya lissafo koyarwa da dama, amma bai iya rufe jerin ba.

Baba Fasto Ayuba:
Malam, rashin iya rufe jeri ba ya nuna jerin layi ɗaya ne.

Malam Nasiru:
Haka ne ranka ya daɗe. Amma yana nuna mai yanke wa mutane hukuncin wuta bai san inda iyakar tasa take ba.

Ɗan Auta:
Ni dai abin da na ji, wai Edwards cewa ya yi Locke ya musulunta 😂

Ustaz Kabiru:
Auta, ba wasa ba ne gaba ɗaya. A littafinsa na 1696 Edwards ya ce wannan siririyar bangaskiyar ta Locke ba ta da bambanci da bangaskiyar Baturke, a lokacin kuwa idan Bature ya ce Baturke Musulmi yake nufi. Hujjarsa ita ce Alƙur'ani ma ya kira Annabi Isa, alaihis salam, Almasihu. Kuma gaskiya ne, yana cikin Ali Imrana aya ta 45 da Nisa'i aya ta 171. Mun yarda da haihuwarsa ba uba, mun yarda da mu'ujizozinsa. Zagi Edwards ya yi niyya, amma ni ina ganin ya taɓo wani abu. Idan jimla ɗaya ce ke sa mutum ya zama Kirista, kuma ni ma ina iya furta ta ban bar addinina ba, to jimlar ba ta isa ta zama iyaka ba.

Bitrus:
Allah ya gafarta Malam, a nan kam zan tsaya wa Locke. Almasihun da yake nufi shi ne wanda aka gicciye, ya mutu, ya tashi. Ya faɗa a fili cewa manzanni sun nemi a gaskata tashinsa daga matattu, domin shi ne shaidar da ta tabbatar shi ne Almasihu, kuma shi ne Sarkin da zai yi wa duniya shari'a. Wannan kuwa ba za ku sa masa hannu ba.

Ustaz Kabiru:
Ba za mu sa ba kam. To ka ga jimlar tasa ta fara haihuwa ke nan. Daga ɗaya ta koma uku ko huɗu.

Malama Rifkatu:
Ina ganin mun tsaya a bakin ƙofa. Ba za a gane littafin 1695 ba sai an koma babban littafinsa kan fahimtar ɗan Adam, wanda ya fito a ƙarshen 1689. A kashi na huɗu ya kasa magana gida uku. Akwai wadda ta dace da hankali, misalinsa samuwar Allah ɗaya. Akwai wadda ta saɓa wa hankali, misalinsa samuwar alloli fiye da ɗaya. Akwai wadda ta fi ƙarfin hankali, misalinsa tashin matattu. Wannan ta ukun ita ce filin bangaskiya, kuma Locke bai rufe ta ba, ya ce a nan wahayi ne ke da magana, har ma yana rinjayar abin da hankali ke zato. Abin da ya ƙi shi ne a kawo abin da ya ci karo da sani tabbatacce a ce daga Allah yake. Dalilinsa: tabbacin da kake da shi cewa wannan saƙo daga Allah ya zo, kuma ka fahimce shi daidai, ba zai taɓa fin tabbacin da kake da shi cewa abu ɗaya ba ya kasancewa kuma ya ƙi kasancewa a lokaci guda ba.

Wato duk abin da Allah ya faɗa gaskiya ne, babu ja. Amma ko Allah ne ya faɗa, wannan hankali ne zai auna. A bugu na huɗu ya ƙara babi guda kan masu cewa Allah na yi musu magana kai tsaye ba tare da wata shaida ba. Can ya ce wanda ya kawar da hankali don ya buɗe wa wahayi hanya ya kashe hasken duka biyun, kamar wanda aka ce ya ƙwaƙule idonsa don ya fi ganin tauraro mai nisa ta madubin hangen nesa. Baba, duk wanda ya taɓa zama da mai cewa "Ubangiji ya nuna mini ke ce matata" ya san amfanin wannan babin.

Hajiya Binta:
Malama, wannan ciwon ba naku ba ne ku kaɗai. Mu ma muna da masu mafarki.

Baba Fasto Ayuba:
'Yata Rifkatu, gida ukun nan sun yi kyau a takarda. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wa zai ce wannan koyarwa ta fi ƙarfin hankali ne, waccan kuma ta saɓa masa? Furotesta na lokacin sun ce koyarwar Katolika cewa gurasa da ruwan inabi suna komawa ainihin jiki da jinin Yesu ta saɓa wa hankali. Sai mabiyan Socinus, masu musun Triniti, suka ce madalla, da wannan ma'aunin Triniti ma ta saɓa. Ka ba yaro wuƙa ka ce ga iyakar inda zai yanka? Shekara ɗaya tak bayan littafin Locke, John Toland ya fito da nasa a 1696, ya ari kayan aikin Locke, ya ce babu wani abu a cikin Bishara da ya saɓa wa hankali, babu kuma wanda ya fi ƙarfinsa. Gida na uku ya rushe ke nan. Majalisar dokokin Ailan ta sa hauni ya ƙona littafin a Dublin a 1697, Toland ya tsere. Ɗan Locke ne a tunani, ko Locke ya so ko ya ƙi.

Malam Nasiru:
Wannan ita ce ainihin tuhumar da Edward Stillingfleet, bishop na Worcester, ya yi, kuma ita ce ta fi ta Edwards nauyi nesa ba kusa ba. Ina so Bitrus ya lura da wani abu da littattafan makaranta ke tsallakewa. Stillingfleet ba maƙiyin hankali ba ne. Tun 1662 ya rubuta babban littafi yana kafa hujjojin hankali kan gaskiyar Nassi, ya yi shekaru yana jayayya da Katolika da makamin hankali. Saboda haka faɗan ba tsakanin mai tunani da mai ƙin tunani ba ne. Mutum biyu ne kowa na cewa hankali na gefensa, sai dai ba su yarda da abin da hankali ya ƙunsa ba.

Ga inda abin ya tsaya. Koyarwar Triniti tun taron Nikiya na 325 an gina ta a kan kalmar zati: Uba da Ɗa zatinsu ɗaya. Locke kuma ya ce duk abin da muka sani ta gaɓoɓin ji da kuma lura da tunaninmu ya shigo. Muna ganin launi, muna jin nauyi da tauri, sai mu ɗauka akwai wani abu a ƙarƙashi da ke riƙe da su, mu kira shi zati. Ka tambaye mu mene ne shi, ba mu da amsa. Ya kawo labarin Ba'indiyen da ya ce duniya a kan giwa take, giwa a kan kunkuru, da aka ce kunkurun fa, ya ce a kan wani abu da bai san ko mene ne ba. Stillingfleet ya ce to ka kusan korar zati daga duniyar masu hankali, kuma idan tabbaci sai da bayyanannen hoto a zuci, ta yaya za a kare zati ɗaya da uku? Locke ya ce ban musa akwai zati ba, na dai ce saninmu game da shi duhu ne, kuma ban taɓa cewa sai da bayyanannen hoto ake samun tabbaci ba, wannan maganar Toland ce, a daina ɗaure ni da shi.

Suka yi ta yi. Locke ya rubuta amsa uku, biyu a 1697, ta ukun mai tsawon gaske ta fito 1699, shekarar da bishop ɗin ya rasu. Suka shiga batun ko Allah zai iya ba abu mai jiki ikon tunani, Locke ya ce ba mu da hanyar cewa ba zai iya ba, bishop ya ce to ka raunana hujjar rashin mutuwar rai. Locke ya ce rashin mutuwar rai alkawarin Allah ne ya tabbatar da shi, ba hujjar masu falsafa ba, ko kana ganin maganar Allah ba ta isa ba sai an tallafe ta? Ku duba yadda aka juya: mai falsafa ne ke jingina da wahayi, bishop ke neman hujjar hankali.

Haka kan tashin matattu. Bishop ya ce dole wannan jikin ne dai zai tashi. Locke ya ce Nassi cewa ya yi matattu za su tashi, ya kawo 1 Korintiyawa 15 inda Bulus ya ce abin da ka shuka ba shi ne jikin da zai fito ba. Har ya gode wa bishop, ya ce shi ma a littafinsa ya rubuta "jikunan matattu za su tashi", zai gyara ya koma "matattu za su tashi". Ya kuwa gyara.

Hajiya Binta:
Duk na ji. Amma tambaya ɗaya, Malam. A cikin wannan dogon rubutu, ya taɓa fitowa ya ce na yarda da Triniti, ko ban yarda ba?

Malam Nasiru:
Bai taɓa ba Hajiya. Abin da ya ce shi ne bai rubuta komai a kan koyarwar ba, kuma duk abin da Nassi ya faɗa ya karɓa. Da aka matsa, sai ya ce shi a Littafi Mai Tsarkinsa bai tuna ya karanta jimlar "uku cikin ɗabi'a ɗaya" da waɗannan kalmomin ba.

Hajiya Binta:
To ai ya amsa.

Malama Rifkatu:
Hajiya, a duba abin da amsa ke jawowa a shekarun. Dokar sassauci ta 1689 ta ba Furotesta da ba 'yan cocin hukuma ba damar yin sujada, amma ta cire Katolika da masu musun Triniti. Ranar 8 ga Janairun 1697 aka rataye wani ɗalibi ɗan shekara 20, Thomas Aikenhead, a Edinburgh saboda saɓo, cikin tuhumar har da yi wa Triniti ba'a. Locke ya bi shari'ar, ya tara takardunta. A 1698 Ingila ta yi dokar da ta ce wanda ya tashi Kirista ya musa Triniti za a hana shi muƙami, in ya sake ɗaurin shekara 3. Isaac Newton da kansa ya aika wa Locke rubutu a 1690 yana nuna cewa an taɓa 1 Yohanna 5:7 da 1 Timoti 3:16 a kwafe-kwafen baya. Locke ya tura shi Amsterdam don a buga ba suna, Newton ya tsorata ya ce a dakatar, bai fito ba sai 1754. William Whiston da ya gaji kujerar Newton a Cambridge ya buɗe baki, aka kore shi a 1710. A irin wannan yanayi kama baki ba abin mamaki ba ne.

Baba Fasto Ayuba:
Rataye yaron nan abin kunya ne ga Ikilisiya, ba na kare shi ko kaɗan. Amma kin ƙara mini hujja ne 'yata. Mutum ya ce wa Edwards bai karanta littattafan 'yan Socinus ba, alhali jerin littattafan ɗakin karatunsa cike yake da su. A littafin ajiyar bayanansa ya ja layi, gefe guda hujjojin Triniti, gefe guda na musunta, na musun suka fi tsawo. Littafin 1695 ɗin ma bai amsa nasa ne a fili ba sai a wasiyyarsa. Tsoro na gane shi. Amma kada a ce mini Edwards ƙage ya yi. Bakinsa ba daɗi, hancinsa kuwa ya shinshino daidai.

Ɗan Auta:
Mutumin da ke da hannun jari a kamfanin cinikin bayi na Royal African Company ne fa ake ta wannan wahala a kansa.

Mai Unguwa:
Auta, gaskiya ne, kuma magana ce babba, amma a buɗe mata nata zaren. A nan a tsaya kan tambayar Bitrus.

Malama Rifkatu:
Bari in kawo waɗanda suka kare shi, don ba duka ne masu shakka ba. Samuel Bold limamin coci ne a Dorset, ya rubuta yana goyon bayan littafin tun 1697. Catharine Trotter, wadda aka fi sani da Cockburn bayan aurenta, ta fitar da kariyar falsafar Locke a 1702 ba suna, lokacin tana 'yar Katolika ma. Ana zarginsa cewa tunda ya ce ba a haifar mutum da sani a zuci, ya rushe tushen sanin nagarta da mugunta. Ta ce a'a, daga lura da ɗabi'armu ta masu hankali da zaman tare muke gane abin da ya dace, daga nan ne ma muke gane abin da ake nufi idan an ce Allah nagari ne. Locke ya binciko ko wace ce, ya aika mata godiya da kyautar littattafai. Bayan rasuwarsa da shekara sama da 20 ta sake fitowa ta kare shi daga wani malamin Oxford kan batun tashin jiki.

Sai Damaris Masham, wadda a gidanta na Oates ya zauna daga 1691 har ya rasu. Abin da ta rubuta a 1705 ya fi taɓa ni. Ta ce ana sa yara mata haddace tambaya da amsa ta katekizim, ba a koya musu dalili, in sun yi tambaya a tsawata musu. Su ne kuma za su zama iyayen da ke fara koya wa yara addini. Ranar da yaro ya gamu da mai gardama, sai ya ga ba shi da abin riƙewa, ya ɗauka addinin ne ba shi da amsa. Ita a ganinta hana tambaya ne ke haifar da marasa bangaskiya, ba yin ta ba.

Ustaz Kabiru:
Wannan ya tuna mini da namu. Duk wanda ya karanta Ummul Barahina ta Shaihu Sanusi a zaure ya san da hukuncin hankali ake farawa: wajibi, mustahili, ja'izi. Har aka samu masu cewa wanda bai san hujjojin ba imaninsa bai inganta ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi raddi ga ɗaliban ilmin kalam da ke kafirta talakawa a kan haka. Shi Locke ina ya ajiye talaka?

Malam Nasiru:
A nan ne ma ya fi ba mutane mamaki, Ustaz. Kashi na ƙarshe na littafinsa na 1695 amsa ce ga masu cewa tunda akwai hankali, wahayi na mene ne. Ya ce masu falsafar dā, duk da kaifinsu, ba su taɓa haɗa cikakkiyar dokar ɗabi'a ba, guntu-guntu suka samo, kuma ko sun haɗa ba su da ikon da zai sa a bi. Ya ce kafin ka koya wa 'yan ƙodago da masu sana'a da mata masu kaɗi da masu tatsar nono ɗabi'a ta hanyar hujja bayan hujja, ka mai da su gwanayen lissafi tukuna. Yawancin mutane ba su da sukunin sani, saboda haka sai dai su gaskata. Shi ya sa ya ce addinin da aka aiko wa matalauta dole ƙofarsa ta zama mai sauƙi.

Sai dai kada mu haɗa su da ƙarfi. Ja'izi na Sanusi abu ne da hankali ke ganin zai iya kasancewa ko ya ƙi. Gida na uku na Locke abu ne da hankali ba shi da hanyar kaiwa gare shi sai an faɗa masa. Suna haɗuwa a wasu misalai, amma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

Bitrus:
Har yanzu tambayar Baba tana nan: wa ke raba "ya fi ƙarfin hankali" da "ya saɓa wa hankali"? Akwai wanda ya amsa ta a zamanin?

Malam Nasiru:
Leibniz na Jamus ya gwada, a gabatarwar littafinsa na 1710 kan adalcin Allah. Da Pierre Bayle yake, Bafaranshen da ya yi hijira Rotterdam, wanda ɗan'uwansa ya mutu a kurkukun Faransa a 1685 saboda addini. Bayle ya ce hankali gwanin rushewa ne ba gini ba, kuma kan tambayar me ya sa Allah nagari ya bar mugunta, hankali ba zai iya amsa masu suka ba, sai dai mutum ya rufe ido ya riƙe bangaskiya. Leibniz ya ce wannan miƙa wuya ne. Ya raba gaskiyar da kishiyarta warwarar kai ce, kamar ta lissafi, da gaskiyar yadda aka saba ganin duniya na tafiya. Asirin addini zai iya saɓa wa ta biyun, ba zai saɓa wa ta farkon ba. Sannan ya ce mai bi ba sai ya tabbatar da asiri ba, ba sai ya gane yadda yake ba. Aikinsa ya tsare shi. Mai suka ne zai kawo hujjar cewa akwai warwara, mai bi ya nuna inda hujjar ta yi rauni. In ba a iya kawo hujja yankakkiya ba, koyarwar tana gida na uku. Da wannan hanyar ya kare Triniti tun yana saurayi.

Baba Fasto Ayuba:
Wannan Bajamushen ya fi mini. Aƙalla ya faɗi abin da ya gaskata. Amma dukansu akwai inda nake rabuwa da su. Locke ya ɗora nauyin komai a kan al'ajibai: ka san saƙo daga Allah yake domin mai kawo shi ya yi abin da ya gagari mutum. To mu ba mu gani ba, labari muka ji. A 1748 David Hume ya zo ya ce shaidar mutane ba ta kai nauyin da za ta tabbatar da al'ajibi ba, da irin ma'aunin da Locke ya koyar ya auna. Wanda bangaskiyarsa ke tsaye a kan lissafin shaidu, ranar da aka fi shi lissafi ya zauna. Calvin ya ce Ruhu Mai Tsarki ne ke shaida wa zuciya cewa Nassi maganar Allah ce. Tsohuwar da ke ƙauyenmu ba ta auna shaidu ba, kuma bangaskiyarta ba ta gaza ta Locke ba.

Malama Rifkatu:
Baba, da girmamawa. Idan mutum biyu suka zo gabanka, kowa ya ce Ruhu ya shaida masa, maganarsu kuma ta saɓa, yaya kake yi?

Baba Fasto Ayuba:
In buɗe Nassi in gwada su, kamar yadda 1 Yohanna 4:1 ta ce.

Malama Rifkatu:
Ka duba aya, ka duba abin da ke gabanta da bayanta, ka ga wanne ya bi ma'ana wanne ya murɗe ta. Wannan aikin da me ake yin sa?

Baba Fasto Ayuba:
Na ga inda kika nufa, ba kuma zan ce da ƙafa ake yi ba. Ina aiki da hankali in gane abin da Nassi ya ce. Locke yana so hankali ya fara ba Nassi izinin magana. Tsakanin biyun akwai tafiya. Shi kuma da ya zauna shi kaɗai da Linjila yana cewa ya ture malamai gefe, bai shiga da hannu wofi ba, ya shiga da abin da ya riga ya karanta a Holan.

Bitrus, ga shawarata kan aikinka. Kada ka karanta Stillingfleet ta bakin Locke, domin Locke gwanin yanko jimlar abokin gardama ne ya yi ta juya ta shafi goma har mai karatu ya manta tambayar. Nemo amsoshin bishop guda biyu, na 1697 da na 1698, ka karanta su da kansu, ka rubuta tambayoyin da ya yi a gefe guda, ka sa alama a kan waɗanda aka amsa. In ka gama ka turo mini kafin ka miƙa wa malaminka.

Bitrus:
To Baba, zan yi. Malam Nasiru, in akwai inda ake samun su a intanet kyauta a taimaka mini ta akwatin saƙo, laburarenmu na Locke kaɗai gare shi.